Tsadar baƙin mai: Wane ne ya dace da tsohuwar motar da ka gada?

A Kawaji da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, ba ka rasa gidan da aka lulluɓe wata tsohuwar mota da tamfol. Wata Peugeot 504 ce, wato Fijo, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Wata Bitil ce, wata kuma Marsandi mai ƙofa biyu da maigida ke fita da ita ranar Juma'a ko lokacin sallah.

Yawancin masu irin waɗannan motoci gadonsu suka yi, ba sa son rabuwa da su. Amma abin da ke kashe su a yau ba tsufa ba ne kaɗai. Sau da yawa man da ake zuba wa injin ne.

Me ya sa mai ya yi tsada?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024.

Baƙin mai bai tsira ba, domin tushen man da ake haɗa shi da shi daga waje ake shigo da shi. Matatar Kaduna tana da sashen da aka gina don samar da wannan tushe, amma ta daɗe ba ta aiki. Saboda haka ko kamfanonin cikin gida, irin su Ammasco da ke nan Kano, da dala suke sayen kayan haɗinsu.

Tsadar ta buɗe wa 'yan algus ƙofa. Hukumar SON ta sha kama jabun mai a sassan ƙasar nan, ciki har da tsohon mai da aka tace aka ɗura a jarka mai tambarin kamfani. Ga sabuwar mota wannan asara ce. Ga tsohuwa kuwa ajali ne, don idan injin ya buga, samun kayan gyara na asali ko a Ƙofar Ruwa sai an sha yawo.

Kuskure biyu

Na farko shi ne bin araha: a sayi man awo a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Na biyu ya fi kama masu hali: a ɗauka man da ya fi tsada shi ya fi kyau, a zuba wa motar 1980 man 0W-20 ko 5W-20 da aka yi don injinan zamani. Wannan mai tsinkakke ne. Tsohon inji kuwa tun asali akwai 'yar tazara tsakanin ƙarafansa, shekaru sun ƙara buɗa ta. Idan man ya yi ruwa-ruwa, matsinsa yakan faɗi, injin ya fara ƙara, ya sha mai, hayaƙi ya biyo salansa.

Yadda za ka karanta jarka

A lamba kamar 20W-50, ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan injin ya ɗau zafi. A Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga cunkoson titin Haɗeja, lamba ta biyun ce abin lura. Shi ya sa 20W-50 ko 15W-40 suka fi dacewa da yawancin motocin shekarun 1970 da 1980. Idan littafin motar yana nan, maganarsa ce gaba da ta kowa.

Akwai kuma sinadarin ZDDP, mai ɗauke da zinki, wanda ke shimfiɗa kariya a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, musamman sandar da ke buɗe bawul. Tsofaffin injina suna buƙatarsa sosai. Amma an rage shi a man zamani masu tsinkewa, saboda yana lalata matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi. Motar da ba ta da indomi ba ta da abin da za ta amfana da wannan ragi. Ƙa'idar ragin ba ta hau kan mai kauri irin 20W-50 ba, wannan ma wani dalili ne na zaɓensa.

Mai Bitil ya ƙara kula. Injinta ba ya amfani da ruwa, iska da mai ne ke sanyaya shi, kuma 'yar rariya gare shi maimakon cikakkiyar filta. Man da ya lalace ba shi da mai ceto.

Juye a kan lokaci

Motar da ke kwana a gareji ma tana buƙatar juye. Kafireto yakan bar fetur ya zurara cikin mai ya tsinka shi, gajeriyar tafiya ba ta bari injin ya yi zafin da zai ƙone danshi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ko'ina. Don haka a yi juye duk kilomita 5,000 ko duk wata shida, wanda ya riga zuwa, a canza filta tare.

A sayi mai a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, a duba hatimin murfi, a tsaya a ga an buɗe jarkar a gabanka. Bayan juye a huda ta kafin a yar, domin jarkokin da aka zubar su ake tsinta a sake cikawa.

Alhakin bin kasuwa da hukunta masu jabu yana wuyan SON da hukumar NMDPRA. Kafin su kai ga kowane shago, kuɗin galan ɗaya na mai mai kyau bai kai ko kusa da na sauke inji ba.