Kwaɗon taliya mai ɗumi, abincin mai gaggawa

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji masu iya magana. Ma'aikacin da ya taso daga biro da tsakar rana, da ɗan kasuwar da ya rufe shago bayan Magariba, buƙatarsu ɗaya ce: abinci mai riƙe ciki wanda ba zai sa su dogon jira ba. Tuwo da miya babu mai ja da darajarsu, amma suna son lokaci, suna kuma cin icce da gawayi. Ga shi kuwa a gidaje da dama na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, uwargida ita ma tana fita aiki, ko malamar makaranta ce, ko ungozoma, ko mai sana'a a kasuwa. Wannan ne ya sa taliya ta samu gindin zama a madafar birane.

Taliya dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An daɗe mata suna murza ta da injin hannu, su shanya a igiya, su dafa su saida da mai da yaji. Ta cikin leda kuma tana shigowa Nijar daga Aljeriya ta hanyar Agadas, da Nijeriya, da ƙasashe irin su Turkiyya. Tun karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta koma sefa 100 maimakon 50, magidanta suka gane cewa duk abin da ya fito waje sai an yi masa lissafi. Dabara ke nan a rage na waje, a ƙara na gida, ta yadda leda ɗaya za ta ciyar da iyali.

An saba cin taliya da miya, ko a yi dafa-duka. A wajen biki da suna kuma akan ga wadda aka sanyaya aka cuɗe da mayonez, ana kiranta salati. To, akwai hanya ta uku wadda ta fi dacewa da yanayin wannan ƙasa, wato a kwaɗa ta da zafinta tare da nama da kayan lambu, a ci nan take. Duk macen da ta iya kwaɗon zogale ko na rama ta riga ta san sirrin abin: dafaffen abu, mai, yaji, albasa, ƙuli-ƙuli da ɗan tsami. Bambancin kawai shi ne taliya ta maye gurbin ganye.

Domin mutum 6, ana buƙatar taliya gajera irin makaroni rabin kilo, da tsokar nama giram 400, na sa ko na rago. Sai albasa 2, in an samu ta Galmi ya fi, da karoti 3, da rabin ƙullin shu, wato kabeji, da ɗanyen tattasai 2, da tumatir 3 masu ƙarfi. Kayan ƙanshi su ne tafarnuwa, citta, masoro da tonka gwargwadon abin da baki zai ɗauka. A tanadi man gujiya babban cokali 6, lemun tsami 2, dakakken ƙuli-ƙuli cokali 3, da gishiri.

Da farko a aza ruwa litar 4 a wuta, a rufe tukunya domin ya yi saurin tafasa. Kafin nan a yanka nama ƙanana-ƙanana, kamar na tsire, a shafe shi da tafarnuwa, citta, masoro da gishiri. Ƙanƙantar yankan ita ce asirin saurin girkin, domin babban gunduwa sai ya sha wuta kafin ya yi taushi. Idan ruwa ya tafasa a sa gishiri, a zuba taliya, a motsa ta sau ɗaya ko biyu don kada ta manne. Yawancin makaroni na nuna tsakanin minti 8 zuwa 10. Saura minti 3 a sauke, sai a jefa yankakken karoti da shu a cikin ruwan guda. Da haka an yi tattalin wuta, an kuma kashe ƙwayoyin cutar da ke iya biyo kayan lambu daga ruwan ban-ruwa.

A ɗaya murhun kuma a zuba rabin man a kasko, a bari ya yi zafi sosai, a baza naman ba tare da an cunkushe shi ba. Idan aka cika kasko, naman zai tsatso ruwa ya dahu maimakon ya soyu. Bayan minti 6 ko 7, idan babu sauran ja a cikinsa, a zuba albasa da tattasai, a juya minti 2, a sauke tun suna da ɗan ƙarfi. A tsame taliya tun ba ta yi lugub ba, a tace, amma kada a wanke ta da ruwan sanyi. A juye ta a babban kwano, a kwarara sauran man da ruwan lemun tsami, a zuba nama da romonsa, tumatir, tonka da ƙuli-ƙuli, a cuɗa. Taliya mai zafi ta fi mai sanyi shan ɗanɗano, shi ya sa wannan kwaɗon ba ya neman mai da yawa. Daga aza tukunya zuwa wanke hannu, rabin awa ya isa.

Wanda nama ya yi wa tsada a ƙarshen wata yana iya sa kilishi da aka yayyaga, ko dafaffen ƙwai, ko kifin gwangwani. Lokacin sanyi, sa'ad da kayan lambu suka cika kasuwa suka yi araha, sai a ninka shu da karoti a rage taliya. Dafaffen zogale ma yana shiga ya zauna daram.

Sai dai babban dalilin fifita wannan girki a kan salatin mayonez shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi saurin hayayyafa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a kudancin Nijar yakan haura digiri 40, firiji kuwa ba kowane gida ke da shi ba, mai shi ma yana fama da ɗaukewar wuta. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke son shinkafa da taliyar da suka daɗe a ajiye, wadda ke barin dafin da ɗumame ba ya kashewa. Sakamakon shi ne amai da zawo, kuma yara da tsofaffi ne suka fi jin jiki.

Don haka a dafa daidai cikin masu ci. Idan za a kai wa maigida kasuwa ko wurin aiki, a zuba a kula mai riƙe zafi, a aika da wuri, shi kuma ya ci da isowarsa, kada ya ajiye sai ciniki ya lafa. Abin da ya rage, in babu firiji mai aiki, gara a ba maƙwabta ko almajirai tun yana da ɗumi. Kuɗin ledar taliya ɗaya bai kai na takardar magani ba, balle hasarar ranar aiki ko ta kasuwa. Rigakafi dai ya fi magani.