A Ba Mai Riƙon Gandun Dagona Baki A Kan Maganar Ruwa

Da za a tsaya a unguwar Jiddari Polo, ko Gwange, ko Bulunkutu a nan Maiduguri, a tambayi masu wucewa ko ina ne Dagona, da wuya a sami mai ba da amsa. Alhali kuwa babban ofishin da ke lura da wurin a cikin garin nan yake, watau ofishin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa da Doka ta 36 ta shekarar 1991.

Gandun nan kashi uku ne, ba a haɗe suke ba. Akwai Chingurmi-Duguma a ƙasar Bama cikin Jihar Borno, akwai Bulatura can cikin rairayin Yusufari, sa'an nan akwai fadamar Bade da Nguru a Jihar Yobe. In aka haɗa su duka sun kai murabba'in kilomita 2,258. A cikin kashi na ukun ne tafkin Dagona yake, kusa da Gashuwa, inda aka keɓe domin tsuntsayen ruwa.

Kowace shekara, da sanyi ya matsa a ƙasashen Turai, agwagin daji da waɗansu tsuntsaye dubbai sukan ƙetaro hamadar Sahara su sauka a nan, su tarar da na gida, su dinya, da kirinjijiya, da zalɓe. Saboda wannan ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan zamani, ya zo Dagona da kansa a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa bisa yarjejeniyar Ramsar ta 1971, shi ne kuwa na farko a Nijeriya. Dagona ta bi baya a 2008. Ga kuma hukumar UNESCO, ita ma a 2020 ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade.

To, takardun yabo kam an samu. Abin tambaya shi ne, wanda aka ɗora wa riƙon wannan wuri, me aka damƙa masa a hannu?

An ba shi ma'aikata masu kaki, an ba shi bindiga da dokar kama mafarauci da mai saran itace. Wannan ya yi kyau, amma irin kayan aikin da ake ba mai tsaron dajin tudu ne. Fadama kuwa ranta ruwa ne. In ruwa bai zo ba, ko kuwa ya zo ba bisa lokacinsa ba, ko an jera masu gadi dubu a bakin tafkin, tsuntsu ba zai sauka ba. Shi kuwa ruwan nan ba a Yobe ko Borno ake buɗe shi ba. Kogin Haɗejiya da na Jama'are ne ke cika fadamar kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, makullin kogin Haɗejiya ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke zaune a Kano. Ashe an ba mutum riƙon ƙaho ne, wani na can yana tatsa.

Dā can, ruwa yakan malala da damina ya rufe fadama, ya ja da baya da rani. Wannan zuwa da komawa shi ne arzikin wurin. Kifi ya yi ƙwai cikin malalen, manomi ya yanke shinkafa, ya bi danshi ya shuka wake, Bafulatani ya sami ɗanyar ciyawa, tsuntsu ya sami abinci cikin taɓo. Da madatsai suka rage ambaliyar damina, suka kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani, sai tsarin ya rikice. Inda ya kamata ya jiƙe ya bushe, inda ya kamata ya sha iska ya zauna cikin ruwa shekara sukutum. Nan ne ciyawar kacala ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsun jan baki mai ɓarnar hatsi. Ba mafarauci ne ya kawo wannan ba, ba kuwa kama mutane ne zai kawar da shi ba.

Saboda haka abu na farko da ya wajaba shi ne a ba shugaban gandun nan kujera tabbatacciya, da ikon magana, a duk inda ake shawarar yaushe za a saki ruwan Tiga da Challawa, da kuma nawa za a saka. Wurin zaman ma ba sai an ƙirƙiro ba. Tun 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka taru a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da waɗannan koguna. Abin da ya rage shi ne a riƙa jin muryar masu zama a ƙarshen kogi kamar yadda ake jin ta masu zama a bakin madatsa.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Maƙwabta sun gwada. A Kamaru, bayan an gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, fadamar kogin Logone ta bushe, gandun dajin Waza, wanda ke kusa da Chingurmi-Duguma, ya ji jiki. A 1994 sai aka sake buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. Ba wata dabara aka yi ba illa mayar wa ƙasa ruwanta.

Abu na biyu, mutanen wurin. Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani suna cin abinci a fadamar nan tun kafin a san wani abu wai shi gandun gwamnati. Shugaban da ya ɗauke su ɓarayi ya faɗi tun bai fara ba, gama da ɗan gari akan ci gari. Bulama da lawani da sarkin ruwa sun san tafkin da ake hutar da shi, sun san watan da kifi ke ƙwai, sun kuma san baƙon da ya shigo da guba ko raga mai ƙananan idanu. A zauna da su a shata iyaka, a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi, a bar musu wurin su da kiwo a gefe bisa ƙa'ida. Aikin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru da aka fara a 1987 ya nuna cewa amfanin da talaka ke samu daga malalen ruwa, na kifi da noma da itace da kiwo, ba abin rainawa ba ne ko an gwada shi da na manyan ayyukan noman rani.

Abu na uku, a zaɓi wanda ya san aikin, a kuma ba shi abin yi. Shugaban gandun ruwa yana bukatar jirgin ruwa, da ma'aunin ruwa, da masu ƙidayar tsuntsaye kowace shekara, da albashin yaransa a kan kari. Ba a riƙon fadama daga kan kujera a Maiduguri. Gaskiya ne tashin hankalin da ya faro a 2009 ya sa sintiri ya yi wuya a ƙasar Bama. Amma ai darasin yana nan: Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin tsoro. Dajin da hukuma ta juya wa baya ba ya zama babu mai shi.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Jiddari Polo da agwagwar Turai, shi da ke neman na tuwo? Amsar ita ce, maganar ba ta agwagwa ba ce kaɗai, ta yadda ake riƙon ruwa ce. Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya ci unguwanni, ya raba dubban ɗaruruwa da gidajensu. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi hukuma ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, kadoji da macizai suka bazu cikin gari. Can Dagona rikicin sakin ruwa ne, nan kuwa ɓallewa, amma tushen ɗaya ne: madatsa a sama, masu shan wahala a ƙasa, ba kuwa a tambaye su ba.

Tsuntsu shi ne ɗan aike. Ran da ya daina sauka a Dagona, to, kifi ma ya kusa ƙarewa a kasuwar Gashuwa, shinkafa ta yi tsada, makiyayi ya faɗa gonar manomi. Ya kamata Gwamnatin Tarayya da gwamnonin Borno da Yobe su duba wannan tun da sauran dama. Allah Ya sa a ji, a kuma gyara.