An Rufe Braniger, Amma An Daina Sha?

'Yan uwa, tun farko in faɗa muku: ni ba na shan giya, ban kuma zo kare ta ba. Amma tun 2019 akwai maganar da ke cina a rai, yau sai na amayar.

A 1967 aka kafa Braniger a nan Yamai, shekara bakwai bayan samun 'yancin kai. Ita ke yin giyar Bière Niger mai hoton raƙumin dawa, wadda mutanen gari ke wa laƙabi da "Conjoncture". Ita ce kuma ke ɗura lemun kwalba irin su Coca-Cola da Fanta, wanda alhaji da malami da ɗan lekol duk suka sha a wurin biki da suna. Daga baya ta kasance a hannun kamfanin Castel na Faransa. A 2019, bayan shekara 52, aka rufe ta.

Ranar da labarin ya fito, a fadarmu har da masu hamdala: "Alhamdu lillahi, an rufe gidan giya!" Na fahimce su. To amma ku zagaya gari da dare ku gani. An daina sha? Ina! Kwalba da gwangwani suna shigowa daga ƙetare, har da wiski mai arha da ɗan samari zai saya da canjin aljihunsa, ba tare da ya san me aka zuba ciki ba. Giya tana nan daram. Abin da ya tafi shi ne albashin ma'aikata, da abincin direbobi da 'yan dako, da ƙwarewar mutanen da suka san injin ɗura kwalba ciki da waje. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ku dubi mutanen Sikotilan. A dokarsu, ba a kiran wiski da sunan ƙasarsu sai an yi shi a can, ya kuma yi aƙalla shekara 3 cikin gangar katako. Kowace ƙaramar masana'anta tana tinƙaho da ruwan garinta da tarihin waɗanda suka kafa ta. Ba abin da ke cikin kwalbar nake sha'awa ba. Dabarar nake so mu ɗauka: amfanin gonarka, ruwanka, sunan garinka, da doka mai tsare su.

Mu me muka rasa? Ayar Maraɗi ana loda ta buhu-buhu a fitar da ita waje ɗanya. Ga zoɓo, ga tsamiya, ga kuka, ga gero, ga nonon Fulani. Matan Yamai sun daɗe suna haɗa kunun aya da zoɓo a gida, suna ɗurawa a tsofaffin robobin ruwa, yara na yawo da su cikin kula a rana. Su ne masana'antarmu ta gaskiya, amma ba bashin banki, ba injin, wuta kuma yau akwai gobe babu. Rufe iyakar Benin tun 2023 ya nuna mana cewa wanda ke jiran abin shansa daga tashar Kwatano, ƙishirwarsa a hannun wani take.

Don haka abu uku nake nema. Hukuma ta sa ido sosai kan barasar da ke shigowa, musamman mai arhar nan da ke cin yaranmu. A ba ƙungiyoyin matan nan rance da injin da wurin gwada tsabtar kayansu. Sannan ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni su nemi tsofaffin ma'aikatan Braniger su naɗi labarinsu tun suna raye, don abin da suka sani na ɗura kwalba zai yi wa zoɓo aiki kamar yadda ya yi wa lemu.

Wanda ya yi hamdala a 2019, ina jiran amsarsa a ƙasa: me muka gina a madadinta?