Ƙwayar tazarar haihuwa da ciwon damuwa: abin da ba a faɗa a kemis

1/ Jama'a, zaren nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce kan ƙwayar tazarar haihuwa da yadda take taɓa zuciyar wasu mata. Matsayina tun farko: ba na adawa da ƙwayar. Abin da nake adawa da shi shi ne a miƙa wa mace ita ba tare da an gaya mata wannan ba.

2/ A kemis ko a asibiti za a ce miki kina iya jin tashin zuciya, ciwon kai, ko jini ya ɗan rikice. Da wuya ki ji an ce: “Idan kika ga kina kuka ba dalili, ko gabanki na yawan faɗuwa, ki dawo.” To wannan jimlar ita ce ta ɓace.

3/ Ƙwayar na ɗauke da sinadaran homon na haɗi, masu kwaikwayon estrojin da projestaron na jikin mace. Su ke hana ƙwai fita. Amma homon ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba, yana kaiwa har ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa barci, natsuwa da walwala.

4/ A 2016 masu bincike a Jami'ar Kofanhegan ta Denmak suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da miliyan 1, 'yan shekara 15 zuwa 34. Masu shan ƙwaya mai homon biyu sun fi marasa sha yiwuwar fara maganin ciwon damuwa da kashi 23 cikin 100. Masu shan mai homon ɗaya, kashi 34.

5/ Inda abin ya fi ƙamari shi ne 'yan shekara 15 zuwa 19: kusan kashi 80. Ku tsaya a nan ku yi tunani. A garuruwanmu amare nawa ne ke cikin wannan shekarun? Haɗarin kuma ya fi yawa wajen wata 6 da farawa.

6/ Amma kar a ɗauki wannan a tafi WhatsApp ana firgita mutane. A binciken, cikin mata 100 masu amfani da homon, kusan 2.2 ne ke fara maganin damuwa a shekara. Cikin marasa amfani, 1.7. Bambancin na nan, sai dai mafi yawan mata lafiyarsu ƙalau.

7/ Kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa ƙwayar ce sanadi. A Suwidin an gwada mata 340, rabi aka ba su ƙwayar gaske, rabi ta bogi, aka fitar da sakamako a 2017. Walwalar masu shan ta gaske ta ragu, amma ba a ga ƙarin ciwon damuwa a fili ba.

8/ Akwai ma matan da ƙwayar ke taimaka wa: waɗanda kafin al'ada ransu ke ɓaci sosai har su kasa komai. Wani nau'in ƙwayar magani ne gare su. Jiki da jiki ba ɗaya ba ne.

9/ Duk da haka, a 2018 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a rubuta gargaɗi kan damuwa da tunanin kashe kai a takardar cikin kwalin. Mu nan sau da yawa kati ɗaya ake zaro miki, kwali da takarda na can a kanta. In ma an ba ki, da Turanci take.

10/ Ga abin da ke ci mini rai. Amarya ta fara ƙwaya, bayan wata biyu ta zama mai saurin fushi, ba barci, ba walwala. Miji ya ce ta canza hali. Uwar miji ta ce rashin tarbiyya. Wata ta ce iska ce, a kai ta ruƙiyya. Ba wanda ya tambaya: me ta fara sha kwanan nan?

11/ Aure na iya girgiza a kan abin da canjin magani kaɗai zai gyara. Wannan ba ƙaramar asara ba ce.

12/ 'Yar uwa, in kin taɓa fama da damuwa ko fargaba, ko bayan haihuwa kin shiga ƙunci, ki faɗa kafin a ba ki. Ki riƙa rubuta yadda kike ji a waya, watannin farko musamman. In kin ga canji, koma asibiti.

13/ Kar ki daina sha shiru ba wani shiri, ciki na iya shiga nan take, kuma cikin da ba a shirya ba shi ma yana jawo damuwa. Akwai wasu nau'ikan ƙwaya, akwai robar mahaifa ta jan ƙarfe wadda babu homon a cikinta. In tunanin cutar da kanki ya zo miki, ranar za ki je asibiti, ba gobe ba.

14/ Maza, ku ma da ku nake. Tare kuka yanke shawarar tazara, ita ke haɗiyar ƙwayar kullum. In ta canza, raka ta asibiti ya fi yi mata wa'azin haƙuri.

15/ Ma'aikatan lafiya, mun san layi na da tsawo. Amma “ya zuciyarki tun da kika fara?” ba ta cin minti ɗaya. Ku tura wa amaren da kuka sani. Allah ya ba mu lafiya.