Ƙorafi Kan Masu Kawo Tsofaffin Kwamfutoci Ƙauyukanmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Dambatta,
Ta hannun Dagatanmu.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu iyayen yara a ƙauyukan ƙasarka muna kawo kukanmu kan wasu baƙi da ke shigowa ranar kasuwa da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka a jaka, suna sayarwa ba rasit ba shaida.

Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, yaron da bai saba da ita ba yana shiga ɗakin jarrabawa a tsorace. Masu karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ta Ilimi da ke Bichi su ma ana neman su da aikin kwamfuta. Shi ya sa da kaka uba kan sayar da gyaɗa ko ɗan akuya ya saya wa ɗansa.

Ga yadda baƙin nan suke yi. Mai kaya zai kunna kwamfutar a rumfar mai caji, tana jone da wuta, komai tas. Da an isa gida, inda babu lantarki, sai batir ya mutu kafin a idar da sallar magariba. Wata an liƙa mata takardar Core i5, amma mai gyara a Kano ya buɗe ya tarar da tsohon inji. Wata kuma a kulle take da kalmar sirrin mai ita na asali. Idan an kira lambar mai sayarwa, a kashe take, kasuwa mai zuwa kuwa ko ƙeyarsa ba a gani.

Mafi ciwo shi ne ta sata. An taɓa zuwa har gida aka tafi da wani yaronmu, saboda wadda ya saya ta wani ɗalibi ce da aka sace. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, shi kuwa ba shi da takardar da za ta wanke shi. Sai da dattawa suka tsaya masa, ga asarar kuɗi, ga zubewar mutunci.

Ranka ya daɗe, a kara ba a cinikin bijimi sai da dillalin da ya san mai shi. Muna roƙon a yi wa wannan sana'a haka:

1. Sarkin kasuwa ya rubuta sunan duk mai sayar da kwamfuta, tare da ɗan gari da zai tsaya masa.
2. A riƙa ba da rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar.
3. A ba mai saye kwana uku ya gwada, in da matsala a mayar masa da kuɗinsa.
4. Limamai su ja kunnen jama'a ranar Juma'a cewa araha ba ta ado.
5. A miƙa kukanmu ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano.

Muna roƙon a ɗauki mataki kafin kaka ta sake shigowa. Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara na ƙauyukan ƙasar Dambatta.