Kwarin Yosemiti: Duwatsun da doka ta hana sayarwa

 A wannan makon tarihi da labarin ƙasa za su haɗu mana wuri guda, kuma da tambaya zan fara. Idan akwai wani wuri mai ban sha'awa, na duwatsu da ruwa da manyan bishiyoyi, wanda babu ɗan Adam ɗin da ya gina shi, na wane ne? Na wanda ya riga kowa kafa shinge ne, ko na wanda ya fi kuɗi, ko kuwa na kowa da kowa? Yau idan aka ce na kowa ne, ba za mu yi mamaki ba. Amma shekara 160 da suka wuce wannan amsa sabuwa ce fil, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara rubuta ta a doka shi ne wani kwari a Amurka mai suna Yosemiti.

Kwarin yana cikin tsaunukan Siyera Nebada a jihar Kalifoniya. Tsawonsa kimanin kilomita 11 ne, faɗinsa kuwa wajen kilomita ɗaya da rabi. Dama da hagu duwatsu ne tsaye kamar bango, irin dutsen nan mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwa. Ɗaya daga cikinsu, El Kapitan, ya tashi kusan mita 900 daga gindinsa, wato kamar a ɗauki filin ƙwallo tara a jera su a tsaye. Wani kuma, Haf Dom, kamar an raba ƙwarya biyu an kife rabin. Akwai matsirgar ruwa da ke zubowa daga tsayin mita 739. Masana sun ce kogin Mased ne ya fara haƙa wurin, daga baya tulin ƙanƙara mai tafiya a hankali ya goge shi ya faɗaɗa shi cikin dubban shekaru.

Wurin ba kango ba ne. Akwai mutanen da suka daɗe suna zaune a ciki, 'yan asalin ƙasar da ake kira Ahwanici, kuma su Ahwani suke kiran kwarin. Suna farauta, suna kamun kifi, suna tara 'ya'yan wata bishiya su niƙa su yi gari. A shekarar 1848 aka gano zinariya a Kalifoniya, masu neman arziki suka kwararo daga ko'ina, rikici ya ɓarke tsakaninsu da masu ƙasa. A watan Maris na 1851 wata rundunar sa-kai ta Turawa, wadda ake kira Bataliyar Maripoza, ta shiga kwarin tana bin sawun shugabansu mai suna Tenaya da mutanensa. Ta ƙone bukkokinsu da rumbunan abincinsu, ta tasa ƙeyar waɗanda ta kama. Ku riƙe wannan a ranku, domin za mu dawo kansa.

Labarin kyan wurin ya bazu daga bakin 'yan wannan runduna. A 1855 wani ɗan jarida haifaffen Ingila, James Hutchings, ya jagoranci masu yawon buɗe ido zuwa kwarin, ya riƙa tallata shi a mujallarsa. Ba a daɗe ba mutane suka fara yankar fili suna gina masauki. Masu hangen nesa suka tsorata, domin sun ga abin da ya faru a wasu wurare. A matsirgar Nayagara, 'yan kasuwa sun mallake bakin ruwan, sun kafa shinge, sai ka biya kuɗi kafin ka leƙa. A Kalifoniya ɗin kanta, a 1853, wasu sun sare wata ƙatuwar bishiyar sikoya da ta haura shekara dubu, suka mayar da kututturenta dandalin rawa. Wata kuma aka saɓule mata ɓawo aka kai shi har Landan ana nunawa don kuɗi, ita kuwa bishiyar ta mutu a tsaye. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne hoto. A 1861 wani mai ɗaukar hoto, Carleton Watkins, ya ɗora ƙatuwar kyamara da faifan gilashi a kan alfadarai ya shiga kwarin. Hotunan da ya fito da su sun isa gabashin ƙasar, inda manyan gwamnati suke, mutanen da ba su taɓa zuwa ba suka ga duwatsun da idonsu. A farkon 1864 wani wakilin kamfanin jiragen ruwa, Israel Raymond, ya rubuta wa sanatan Kalifoniya John Conness wasiƙa, ya haɗa da hotunan, ya roƙi a hana kwarin faɗawa hannun masu zaman kansu. Conness ya gabatar da ƙudiri a majalisa, aka amince. Ranar 30 ga Yuni, 1864, Shugaba Abraham Linkon ya sa hannu. Ku lura da lokacin: ƙasar tana tsakiyar yaƙin basasa, ana kashe dubban mutane a fagen daga, kuma Linkon bai taɓa taka Yosemiti ba har ya bar duniya.

Dokar gajera ce. Gwamnatin tarayya ta miƙa wa jihar Kalifoniya kwarin, tare da wani kurmin manyan bishiyoyin sikoya da ke Maripoza, bisa sharaɗi: za a riƙe su don amfanin jama'a da shaƙatawarsu, kuma ba za a taɓa sayar da su ba har abada. An yarda a ba da hayar wani yanki, amma kada ta wuce shekara goma, kuma kuɗin hayar a kula da wurin da shi. Don ku gane girman wannan, ku sani a wancan zamani aikin gwamnatin Amurka shi ne raba filayen yamma ga manoma da masu haƙar ma'adinai da kamfanonin jirgin ƙasa. Sai ga shi ta ware wani fili ta ce wannan kam ba na rabo ba ne, saboda kyansa kawai.

Cikin waɗanda aka naɗa su kula da wurin akwai Frederick Law Olmsted, wanda ya yi suna wajen tsara babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin Niyok. A watan Agusta na 1865 ya karanta wa abokan aikinsa wani rahoto a cikin kwarin. Hujjarsa ita ce, a ƙasashen Turai masu hannu da shuni sun mallake wurare mafi kyau, talakan da ya fi kowa buƙatar hutu ba ya samun shiga, don haka wajibi ne gwamnati ta tsare irin waɗannan wurare domin kowa. Ya kuma yi gargaɗin cewa baƙin da a lokacin ɗaruruwa ne, cikin shekara ɗari za su zama miliyoyi, saboda haka ƙaramar ɓarnar da aka ƙyale yau za ta ninku. Aka jefa rahoton a aljihun tebur, bai fito fili ba sai a 1952. Amma maganarsa ta tabbata, domin yanzu kimanin mutum miliyan huɗu ke ziyartar Yosemiti a shekara.

Sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi, tsaron wurin shi ne jan aiki. Rigimar farko da Hutchings aka yi ta, mutumin nan da ya tallata kwarin. Ya riga ya mallaki masauki a ciki, ya ce eka 160 nasa ne tunda ya zauna ya yi aiki a kai kafin dokar. 'Yan majalisar jihar ma suka goya masa baya. Da ya yi nasara, da kowane mai shinge ya samu hujja, da kwarin ya tafi yanki-yanki. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli ta Amurka, kuma a farkon shekarun 1870 kotun ta yanke cewa zama a filin gwamnati ba ya mayar da shi naka. Jiha ta biya shi diyya, fili ya koma hannun jama'a. A daidai wannan lokaci, a 1872, aka bi sawun Yosemiti aka keɓe Yelosuton, wanda ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Amurka.

Mai gadin farko da aka naɗa, a 1866, shi ne Galen Clark. Ciwon ƙirji ne ya kai shi tsaunukan yana zaton kwanansa ya ƙare, sai ga shi ya rayu har 1910, yana da shekara casa'in da 'yan kai. Shekaru masu yawa ya yi yana fama da masu saran itace da masu sakin dabbobi a fadamun kwarin. Sai dai ikonsa iyakarsa kwarin da kurmin. Tsaunukan da ke kewaye, inda ruwan kwarin yake tasowa, ba su cikin dokar, kuma garken tumaki dubbai suna cinye ciyawar har ƙasa ta tone. Wani matashi haifaffen Sikotlan, John Muir, wanda ya zo a 1868 har ya yi kiwon tumakin da kansa, ya ga ɓarnar ya kwatanta su da fara. Ya haɗa kai da wani editan mujalla, Robert Underwood Johnson, suka yi ta rubuce-rubuce, har ranar 1 ga Oktoba, 1890, majalisa ta mayar da tsaunukan gandun ƙasa. Sojojin doki aka tura su yi gadi, cikinsu a wasu shekaru har da rundunonin baƙaƙen fata. A 1903 Muir ya kwana uku a daji da Shugaba Tiyodo Ruzabelt yana yi masa bayani, a 1906 kwarin kansa ya koma hannun tarayya aka haɗe shi da gandun. Shekara 42 ke nan daga sa hannun Linkon.

Yanzu mu dawo kan abin da na ce ku riƙe. Dokar ta ce wurin na jama'a ne, amma ba ta ambaci Ahwanici ko sau ɗaya ba. Hutchings, wanda ya yi 'yan shekaru a kwarin, ya samu lauya da kotu da diyya. Mutanen da kakanninsu suka rayu a can tun kafin a san da Amurka ba su samu ko ɗaya ba. Waɗanda suka dawo cikinsu sun zama masu wanki da ƙananan ma'aikata a masaukan baƙi, matansu suna sayar da kwanduna. Ƙauyensu na ƙarshe a kwarin hukumar gandun ce ta rushe shi a 1969. Wani abin lura kuma, buɗaɗɗun fadamun da baƙi suka gani suka yaba, aikin hannun waɗannan mutane ne, domin su ke sa wa ciyawa wuta a kan lokaci don hana ƙananan itatuwa cinye fili. Da aka hana su, sai kurmi ya fara rufe fadamun, har ya tare wasu wuraren da ake hango duwatsun. Yau ma'aikatan gandun da kansu suke kunna irin wannan wuta bisa tsari. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

To, me za mu ɗauka? Duk lokacin da aka ce wuri na kowa ne, akwai wanda aka ce wa a'a. A Yosemiti an ce wa mai shinge a'a, an ce wa mai tumaki a'a, kuma saboda haka duwatsun suna nan har Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Amma an ce wa masu wurin na asali a'a ba tare da an saurare su ba, kuma wannan tabon bai goge ba har gobe. Don haka idan kuka ji ana maganar keɓe wani wuri, ku yi tambaya biyu: wa zai tsare shi bayan an gama biki an naɗe tabarma, kuma su wa ke zaune a wurin, an ji ta bakinsu?

Wannan tambaya ba ta yi mana nisa ba. Da yawanku kuna da dutse a bayan gari, wani ana fasa shi ana loda tsakuwa a tifa, wani gidaje suna hawa kansa a hankali. Mai fasa dutsen abinci yake nema, kuma dutsen da aka fasa ba ya sake tsirowa. Ga aikin gida na wannan mako: ku zaɓi dutse ɗaya ko tsauni a yankinku, ku tambayi wani dattijo sunansa da tarihinsa, ku tambayi malaminku na labarin ƙasa ko a hannun wa yake a hukumance, sannan ku rubuta shafi ɗaya a kan wanda zai amfana da wanda zai cutu idan aka hana taɓa shi. Mai wayar hannu a gida ya roƙi izini ya ɗauki hotonsa ya ajiye, tunda kun ga abin da hoto ya yi a 1864.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.