Wasan Kashe Dodanni a Ƙasar da Ake Kashe Mutane

Duk wanda ya tsaya a rumfar cajin waya a Ƙaura Namoda ko Shinkafi zai tarar da samari sun duƙufa kan wasannin harbi. Daga cikin ire-irensu akwai Vampire Survivors, wanda ya shigo wayoyi a 2022: mutum ɗaya a fili, dubban dodanni sun yi masa ƙawanya, makaminsa yana kisa da kansa, shi kuwa aikinsa ya tsira minti 30. Da zarar sun cika, sai Mutuwa ta zo ta ɗauke shi.

Hukunci na malamai ne. Abin da ke damunmu shi ne adadin gawarwakin da ke hauhawa a saman allon, yaro yana alfahari da shi, alhali a ƙasar Zurmi 'yan bindiga sun sha ƙone ƙauyuka, har aka tuɓe sarki a 2022 bisa zargin haɗa baki da su.

Wasu iyaye na cewa gara waya da hanyar gona, kuma ba mu ga laifinsu ba. Amma uban da ya biya kuɗin caji yana da ikon karɓe wayar tsakanin Magariba da Isha'i, lokacin karatun allo.